Yadda Za Ka Bugu da Shayi Ranar da Mahaifiyarka Za Ta Sauka a JFK

Ɗalibi, matso kusa. Wasu sun zo New York karatu, sun gama, sun koma gida ba su taɓa kunyata kansu ba. Kai ba sai ka tafka wannan asarar ba. Ga hanyar da Rwang, ɗan Jos mai karatun injiniya a wata kwaleji a Flatbush, ya gwada a bazarar 1993. Ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawari ba za ta ba ka kunya ba, sai dai ta ja maka ita.

1. Fara da alkawari mai nauyi.
Kafin ya hau jirgi, Rwang ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Ngo Dokas, ya rantse giya ba za ta taɓa leɓensa ba, domin burukutu ne ya kai babansa kabari. Ya kuwa riƙe alkawarin, ko bikin coci ya je lemo yake sha. Kai ma ka yi irin wannan, don faɗuwa ta fi armashi daga sama.

2. Zaɓi ranar da ta dace.
Ranar gama jarrabawa, wadda kuma da la'asar ɗinta mahaifiyarka za ta sauka a filin jirgin sama na JFK, zuwanta na farko Amurka. Ka ari mota don ɗauko ta. Da rana 'yan ajinku za su ja ka mashaya. Bi su, ai rakiya ce kawai.

3. Kada ka ci komai.
Mama na tafe da acca daga gida, me za ka yi da burodin Bature? Masana sun tabbatar cewa cikin da babu komai ya fi karɓar baƙo hannu bibbiyu.

4. Yarda da suna.
Nan ne asirin yake. Duba allon mashayar, ka tsallake duk abin da ya yi kama da giya, har idonka ya faɗa kan Long Island Iced Tea. Shayi mai ƙanƙara! Launinsa na shayi, ga yankin lemon tsami a baki. Kada ka tambayi abin da ke ciki. Wanda ya taso gaban teburin mai shayi a kasuwar Terminus ta Jos ba a koya masa shayi.

5. Toshe kunnenka.
Adwoa, 'yar ajinsu da ta girma a zangon Kumasi, ta leƙa kofin Rwang.
"Chale, wannan ba tea ba ne fa. Giya kala biyar ke ciki, ko ganyen shayi ɗaya babu."
"Haba Adwoa, karanta board ɗin mana. Tea aka rubuta. Turawa ba sa ƙarya a rubuce."
Ya zuƙe da tsinke, ya ce a ƙaro. In an miƙo maka ruwa, ka ture. In harshenka ya fara nauyi, ka ce sanyin ƙanƙara ne.

6. Nace kai za ka tuƙa.
Ka miƙe, ƙasa ta ɗan karkata, ka sha kofi baƙi ka ce ka warware. Ba ka warware ba, bugagge ne kai wanda barci ya ƙi ɗauka. A nan Rwang ya samu cikas: yana ƙoƙarin buɗe motar wani da makullinsa, Adwoa ta fizge makullin.
"Ka kashe kanka in ka so, amma ba da maman mutane a mota ba. Shiga baya."
Ka guji irin wannan ƙawar, tana lalata shiri. Ita ce dalilin da ya sa Rwang yake raye har yau.

7. Rungumi mahaifiyarka sosai.
Ngo Dokas ta fito da zanen zumuntar mata, tana jan jaka, tana waige-waige. Ta hango shi, ta saki jakar.
"Rwang! Ɗana!"
Ta ƙanƙame shi. Sai warin giya ya bugi hancinta. Ta ɗago kai a hankali, ta dube shi. Matar da ta yi shekaru tana buɗe wa bugaggen miji ƙofa ba ta buƙatar a gaya mata.
"Mama, Allah na gani, shayi ne kawai na sha."
Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan.
Ta gyara masa kwalar riga, ta ce, "Babanka kunu yake ce wa nasa."

Hattara: Mai wannan jagora ba shi da alhakin ciwon kai, amai a kan titin Belt Parkway, ko tabon da ya bari a kujerar motar aro. Ba ruwansa kuma da shirun da Ngo Dokas ta yi tun daga JFK har Flatbush, tana rungume da ƙullin accar da ta ɗauko wa ɗanta. Wannan shirun, wanda ya jawo shi ne zai san yadda zai yi da shi.