Ba Wanda Ya Taɓa Faɗuwa a Gidan Kan Tudu

Jama'a, yau da rana tsaka an kulle ni a gidan masu gigin tsufa, ni Pyo Dok-cil, da hankalina garau, kuma manyan da gari ke biya don su duba lafiyar gidan su ne suka taya rufe ƙofar. Ina rubuta muku wannan da mura a hanci da takaici a wuya, don haka wanda ya ga na yi zafi ya yi haƙuri.

Ga yadda aka yi. Yayata Gum-rye, wadda ta goye ni a zamanin da uwarmu ke sayar da kifi a bakin tashar jiragen ruwa, ƙwaƙwalwarta ta fara yoyo tun bayan rasuwar mijinta. Tana zaune a wani ƙaramin gidan tsofaffi a bayan kasuwa, wanda kwamitin awo ya ba daraja ta uku. Laifin gidan shi ne baranda ta yi ƙunci, fenti ya ɓare, kuma an kama tsofaffin mata a tsakar gida suna ɓarar tafarnuwar haɗa kimchi, tsimin kabejinmu na Koriya, abin da masu ilmi suka ce ganganci ne. Ɗanta Yong-tae, da ke Seoul yana wani aikin da har yau ban gane kansa ba, ya ga darajar a waya, ya kira ni rai a ɓace.

"Kawu, daraja ta uku fa. In abokan aikina suka ji, da wane ido zan dube su? Akwai gida a kan tudu mai daraja ta ɗaya, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa faɗuwa a cikinsa. Ƙarshen wata zan sa hannu a mayar da ita can."

Sa hannun nasa ne, ni ƙane ne kawai. Amma gani ya kori ji, na ce bari in je da ƙafata. Maƙwabcina Bang mai aski ya hango ni ina kulle ƙofa, ya leƙo da almakashi a hannu.

"Ina zuwa da sassafe, tsohon banza?"

"Gidan kan tudu, duba wa Yaya wuri."

"To ka sa rigar kirki. Da wannan fuskar taka, suna ganinka za su ce kaya sun iso."

Na ce masa ya ji da kawunan mutane da yake ɓatawa. Da na san bakinsa dafi gare shi, da na saurara.

Bas ɗin da aka yi mana alkawarin zai riƙa hawa tudun tun zaɓen da ya wuce, har yau a gindin tudu yake juye mutane. Ruwa ya tsuge, na hau da ƙafa, na isa sharkaf kamar kazar da ta faɗa rijiya. Gida kam gida ne. Daɓe kamar madubi, ruwa na tsiri a tsakiyar zaure, furanni jere a tukwane har da takardar shagon da aka aro su ba a cire ba. Ga allon daraja ta ɗaya an rataye shi a inda ko makaho sai ya yi karo da shi.

Matar da ke karɓar baƙi ta tausaya mini. Ta karɓi takalmina ta ba ni silifas ɗin gida, ta karɓi jaket ɗina ta kai shanya, da wayata da jakar kuɗina duk a aljihu, ta ara mini wata shuɗiyar suwaita mai ɗauke da sunan gidan a ƙirji. Ta ce in zauna, shugaban gida ba shi da sukuni yau, kwamitin awo na hanya.

Ni ba zama ya kawo ni ba. Lifta ta buɗe don keken abinci, na bi bayansa, sai ga ni a hawa na uku.

Shirun wurin ne ya fara dukana. Rana tsaka, amma kowa yana kwance. Gadaje masu shingen ƙarfe, tsofaffi a ciki ido buɗe suna kallon rufi, hannuwansu cikin safar yadi, an ɗaure safar a jikin shingen da igiya mai laushi. Masu magana sun ce ba kullum ake kwana a gado ba. Wanda ya faɗi haka bai hau hawa na uku ba: nan a gado ake kwana, a gado ake wuni.

A ɗaki na ƙarshe na ga wanda na sani. Ma Chun-bae ne, tsohon direban jirgin fito, mutumin da in ya daka tsawa a bakin ruwa har tsuntsaye sai sun tashi. Na kira sunansa, ya juyo da ido kawai. Leɓensa ya bushe ya tsattsage, kofin ruwansa kuwa yana can kan taga, inda ko hannunsa a sake yake ba zai kai ba. Na ɗauko na ba shi. Ya sha kamar wanda ya ƙetaro daji, ya riƙa motsa baki yana neman ƙari. Mai jinya ɗaya tal ce ke zirga-zirga tsakanin ɗakunan, gumi har haɓa. Ta gifta ni da gudu ta ce, "Kaka, koma ɗakinka, yanzu zan kawo maka ƙwayarka." Ban ga laifinta ba, hannu biyu gare ta kamar kowa. Amma a nan na gane sirrin gidan. Wanda ba ya tashi, ta yaya zai faɗi?

Na sauko hawa na biyu. Ashe nan ne hawan nuna wa baƙi. An zaɓo tsofaffi masu ɗan ƙwari, an taje musu kai, an zaunar da su kewaye da tebur suna shafa launi a takarda. Ƙofar ta rufe a bayana da ƙaramar ƙara, ashe irin mai lambar sirri ce.

Sai ga ayarin kwamitin awo. A gaba Mai Girma Sarkin Awo, ransa ya daɗe, da tef ɗinsa na awo a kugu kamar takobi. A gefensa Uwargida Magajiyar Maki, alƙalami a hannu, murmushi a manne. A bayansu mai ɗaukar hoto, sai shugaban gida yana ta rusunawa har na ji tsoron kada bayansa ya riƙe.

Ku zo ku ga aiki. Sarkin Awo ya durƙusa da kansa ya auna faɗin baranda. Ya buɗe firji ya duba sanyinsa. Ya juya tukunyar kashe gobara ya karanta ranar da aka cika ta, ya gyaɗa kai kamar ya gano maganin mutuwa. Ya danna katifar da ba kowa a kanta, ya ce ta yi. Sannan ya tambayi shugaban gida ko an sami faɗuwa bana.

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

Magajiya ta rubuta, murmushinta ya ƙaru. Na matsa gaba na rusuna yadda aka koya mana.

"Yallaɓai, ni baƙo ne, na zo duba gidan nan saboda yayata. Ina roƙon ku hau hawa na uku. Mutane na can a ɗaure da rana tsaka, wani ma ƙishirwa na neman kashe shi."

Sarkin Awo ya dubi suwaitata, ya dubi silifas ɗina. Fuskata ce kaɗai bai duba ba. Ya sunkuyo yana magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai koya wa aku gaisuwa.

"Kaka, ka ci abinci? Abincin da daɗi?"

"Ban ci komai ba. Na ce maka ba a nan nake zaune ba. Gidana yana kusa da shagon Bang mai aski, ka aika a tambaya."

"Dukansu haka suke cewa," in ji Magajiya a hankali. "Neman gida, alama ce sananniya."

Shugaban gida ya ƙura mini ido. Na ga yana lalube a kansa, bai gane ni ba, amma ba zai iya cewa a gaban kwamiti bai san mutanen gidansa ba. Sai ya dafa kafaɗata.

"Wannan kakan namu akwai surutu. Da aka kawo shi ko magana ba ya yi."

"Ka ji jimla a shirye," Sarkin Awo ya ce wa Magajiya. "Wannan ai shaidar kulawa ce. Ki ƙara musu maki a fannin farfaɗo da tunani."

Wato da bakina na je tona asiri, da bakin nawa aka ƙara wa gidan daraja. Na ɗaga murya na ce su bi ni su gani, bene ɗaya ne kawai. Magajiya ta dubi agogo ta ce hawa na uku ba ya cikin zagayen yau, kuma an riga an kama musu tebur a gidan gasasshen kifi. Mai hoto ya ce a matso. Aka sa ni a tsakiya, Mai Girma ya riƙe hannuna da hannu bibbiyu, walƙiya ta haska. Suka fita, ya ja ƙofar da kansa don kada Kaka ya ɓace.

Na daɗe ina buga gilashi kafin matar karɓar baƙi ta zo nemana da jaket ɗina a hannu. Da ta gan ni a ciki ta yi maza ta buɗe ƙofar. Shugaban gida ya dawo a guje, ya rusuna ya sake rusunawa, ya cusa mini kwalin ruwan ginseng, saiwar nan ta ƙara ƙarfi, ya ce hawa na uku ana ɗaure su ne don lafiyarsu, kuma 'ya'yansu sun yarda. Na ce ya kai wa Chun-bae kwalin, ya kuma kwance masa hannu ya sha da kansa.

Daga can ban zarce gida ba, bayan kasuwa na nufa. Ƙofar gidan daraja ta uku tana ƙara kamar kullum, warin tafarnuwa da miyar waken soya ya tare ni. Yaya tana zaune a ƙarƙashin rumfa cikin 'yan'uwanta, kwano a cinya, tana faɗa da wata kan wa ya fi sauri. Akwai tabo a goshinta, na faɗuwar da ta yi a bara wajen korar kyanwa. Ba zan ɓoye muku ba, gidan yana da nasa: banɗaki ɗaya ya lalace, ma'aikata ba su isa ba, wani lokaci akan sa mata rigar wata. Amma ta ɗago ta dube ni a fuska.

"Kai kuma ɗan wane ne?"

"Dok-cil ne, Yaya, ƙanenki."

"Ƙarya kake. Dok-cil yaro ne mai majina." Ta ƙare mini kallo. "To, majinar kam ga ta. Zauna, kana rawar sanyi. A kawo wa bawan nan miya mai zafi."

Ba ta san ni ba, amma ta ga ina jin sanyi. Mai Girma da digirinsa da tef ɗinsa ya tsaya gabana ya kasa ganin komai sai suwaita. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Da yamma na kira Yong-tae na zayyana masa komai. Ya sassauta murya, irin sassautawar da na riga na ƙoshi da ita yau.

"Kawu, ka tabbata haka aka yi? Yau wace rana ce?"

Na gaya masa ranar. Na ƙara masa da cewa jibi ranar haihuwar uwarsa ce, ko ya tuna? Ashe bai tuna ba. Daga ƙarshe ya ce zai shigo jirgin ƙasa, zai je gidan kan tudun ba tare da sanarwa ba, kuma ba zai sa hannu a komai ba sai ya hau bene na uku da ƙafarsa. Yaya dai tana nan da tafarnuwarta.

Bang ya ce hotona zai fito a mujallar gari, in saya masa guda ya liƙa a shago. Idan kun gan shi, ga ni nan a tsakiya baki buɗe, za a rubuta a ƙasa cewa tsoho ne yana dariyar jin daɗi. Ba dariya ba ce, ina cikin zagin Mai Girma ne walƙiyar ta kama ni.