Rasuwar Ɗan Jidda, Agogon Alhaji Sabi'u Lakwaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan hannu wanda ya wayi gari fayau, Alhaji Sabi'u Lakwaya, dillalin hatsi a kasuwar Gwarzo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da mahassadan da dama can ranar suke jira, rasuwar agogonsa, Ɗan Jidda. Marigayin ya cika ne a Kabo, a kan teburin Haladu mai gyaran rediyo, bayan gajeriyar jinya. Ya rasu yana da shekara ashirin da ɗoriya a hannun Alhaji.

Asalinsa ɗan ƙasar Siwizalan ne, amma a Jidda Alhaji ya haɗu da shi, shekarar da ya sauke farali, lokacin naira tana naira. Duk wanda ya zauna da marigayin zai yi masa shaidar kirki. Bai taɓa cin batir ba, bai taɓa neman a murɗa shi a yi masa wani ba, motsin hannu kawai yake rayuwa da shi. Shi ya sa Alhaji ya zama mutum mai yawan wurga hannu in yana magana, ko da kuwa farashin dawa aka tambaye shi. Ba shi da hayaniya. Iyakacin maganarsa ƙyas, ƙyas, ƙyas, ita ma sai ka kara kunne. Ladanin unguwa ba ya kiran azahar sai ya leƙo zaure ya gaisa da shi.

Ya ga jiya ya ga yau. Da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, Fijon Alhaji ta tafi, babur ya bi bayanta, shanun da ke kiwo a ƙauyen Kara suka ragu, amma ko a mafarki ba a taɓa taya Ɗan Jidda ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, samarin wa'azi suka taso da maganar cewa gwal haramun ne ga namiji. Nan fa Alhaji, wanda ya shekara ashirin yana rantsuwa cewa agogonsa gwal ne tsantsa, ya tashi a gaban jama'a ya ce wallahi ruwan gwal ne kawai aka shafa masa. Marigayin ya ji wannan cin fuska da kunnensa, ya ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin hannun riga.

To, sai maganar takarda, domin ita ce silar komai. Ranar da aka sayi agogon, Balaraben kantin ya haɗa wa Alhaji da takardar garanti, mai kauri, rubutun Larabci sama da ƙasa, da hatimi mai ƙyalli a gefe. Ya ce muddin tana hannu, duk inda wakilin kamfani yake a duniya zai karɓi agogon ya duba.

Alhaji ya dawo gida, gari ya cika zaure. Aka yi wa tsaraba caa: dabino, zamzam, carbi, kallabi, kafin la'asar an share akwati tas. Mahaifiyarsa Inno kuwa tana ɗakinta. Alhaji ɗanta ne na fari, alkunya ba za ta bar ta ta fito cikin masu miƙa hannu ba. Sai da ƙafa ta ɗauke ta leƙo, ta tarar babu ko ƙwallon dabino. Idonta ya sauka kan takardar nan a cikin gidan agogo. Inno ba ta karanta Larabcin buga, amma ta san Larabci in ta gan shi, ta kuma san daga inda ya fito.

"Wannan fa?" in ji ta.

Kunya ta rufe Alhaji. Mutum ya je har Ɗakin Allah, ya tuna da wuyan hannunsa, ya manta da wadda ta haife shi. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Taki ce, Inno. Musamman na ɓoye miki ita don kada a wawashe."

Washegari ta aika wa baduku. Aka ninke takardar garanti, aka ɗinke ta cikin jan fata, Inno ta rataya a wuya. Tun daga ranar, ciwon ƙirjin da ya addabe ta shekara da shekaru ya yi ƙaura.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne a daminar bana. Ruwa ya doki Alhaji a hanyar Kara, aka wayi gari gumi ya taru a cikin gilashi. Daga nan ya fara jan ƙafa. Ya sa Alhaji ya isa Juma'a ana sallama, ya sa ladan ya kira azahar awaki suna dawowa gida. Maganarsa ta koma ƙyas, sai shiru, sai an girgiza shi ya ƙara wani ƙyas ɗin.

Aka garzaya da shi Kano, wani babban kanti mai sanyin na'ura inda wakilin kamfani yake. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya jinjina kai, ya ce wannan agogo na gaske ne, kuma ciwonsa mai warkewa ne. Sannan ya miƙo hannu.

"Alhaji, ina takardarsa?"

Alhaji ya ce tana gida, a wuri mai tsaro.

"To a kawo ta. Lambar da za mu aika wa kamfani da ita tana ciki. Ban da haka ma, Alhaji, ka ga zamanin da ake ciki, ko'ina maganar yanke hannu ake yi. Agogo irin wannan babu takarda, ban san ta inda ya biyo ba, ni kuma ina son hannuwana duka biyun."

Alhaji ya yi rantsuwa, ya nuna haƙorin Makka, ya kira sunan mai gari da limamin Juma'a a matsayin shaidu. Duk a banza.

Ya kwana biyu yana saƙawa yana kwancewa. Ran na uku da hantsi ya sayi sabuwar reza, ya jefa a aljihu, ya yi sallama ɗakin Inno. Dabararsa ita ce ya ce fatar layar ta tsufa, zai kai a sabunta. Ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da ruwan bana. Ya buɗe baki ke nan, sai Inno ta ga inda idonsa yake, ta kai hannu ta dafe layar a ƙirjinta.

"Ita kake kallo? Tana nan. Ko wanka zan yi sai na rataye ta inda zan riƙa ganinta. Yaran nan masu wa'azi sun aiko wai in cire, na ce su je su tambayi wanda ya ɗauko min ita daga Makka. Kowa dabino ya samu, ya cinye ya manta. Ni kaɗai aka ware wa abin da ba ya ƙarewa. Allah ya yi maka albarka."

Alhaji ya ce amin. Ya ji rezar a aljihunsa ta yi masa nauyi. In ya farke fatar nan, agogo zai tashi, amma tsohuwa za ta san ɗanta na fari ya dawo daga Makka bai riƙo mata komai ba. Ya tambaye ta ko tana da sauran goro, ya tashi ya fita.

Haka aka kai marigayin Kabo, wurin Haladu, wanda bai taɓa tambayar kowa takarda ba. Haladu ya ce in dai abu yana da murfi, to zai buɗu. Ya buɗe shi da bakin wuƙa, ya hura masa iska da baki, ya ɗiga masa man keken ɗinki. Wata 'yar waya mai kama da gashi ta yi tsalle ta faɗi ƙasa, kazar maƙwabta ta riga kowa, ta haɗiye ta. Aka bi kaza har bayan masallaci ba a same ta ba. Da Haladu ya mayar da murfi, marigayin ya yi ƙyas sau ɗaya, a gaban Alhaji, bai ƙara ba.

Ya rasu ya bar gidansa mai shimfiɗar karan-miski, da maɗaurinsa, da wasu 'yan kusoshi da suka yi saura a tebur, waɗanda Haladu ya ce dama kamfani ne ya yi almubazzaranci. Ya bar ladan cikin maraici, yana auna inuwa da ƙafa. Ya bar farin tabo a wuyan hannun Alhaji, wanda har yanzu yakan ɗaga hannu ya duba, sai ya wayance da sosa wurin.

Malamai sun ce ba a yi wa agogo salla, don haka za a naɗe shi a farin ƙyalle a sa shi a ƙasan adaka ranar Alhamis. Za a karɓi gaisuwa a zauren Alhaji da ke Lakwaya bayan la'asar, kowa ya duba rana ya kintata. An yafe wa Haladu, amma kada ya zo. Ana roƙon jama'a kada a tambayi Alhaji ƙarfe nawa, kuma tunda Inno ba ta karatun boko, ku da kuka karanta wannan ku riƙe bakinku.

Ita ce ma za ta yi gumbar sadaka, ta ce da hannunta za ta daka, domin lafiyarta lau. Ta riga kowa yi wa Alhaji ta'aziyya, har da ɗan faɗa. Ta ce zurfin cikinsa ya yi yawa, da ya gaya mata agogon ba shi da lafiya tun da wuri, da ta ara masa layar ya rataya masa kwana biyu.