Ranar da Na Bi Sabis da Gudu

Jama'a, in kun ga rubutun nan yana rawa, ku yi mini uzuri. Tun jiya dariya ta ƙi sakina. Sannan ina cigiya: takalmina na ƙafar hagu ya ɓata tsakanin ƙofar kasuwarmu da mahaɗar hanya. Ruwan toka ne, an taɓa ɗinke maɗaurinsa da baƙin zare. Wanda ya tsinta ba sai ya ba ni hannu da hannu ba, don ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ya ajiye a bakin shagon Goggo, ya yi gyaran murya, ya wuce.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce yarinyar da ke zama a shagon Goggona, ƙanwar babana, can ƙarshen layin masu kayan ɗinki, ƙarƙashin matakalar siminti. Zare muke sayarwa da allura da maɓalli da zif. 'Yan layi Shiru suke kirana, kuma ba su yi mini ƙarya ba. In mai saye ya tambayi farashi, yatsu nake ɗaga masa. In ya taya ƙasa, sai in kalli Goggo ta ƙarasa faɗan. Abin da bakina ya kasa faɗa a shago, shi nake zuba muku a nan.

Kwanakin baya Masu Girma na Hukumar Sauƙaƙa Mana Rayuwa, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka zauna suka gano ainihin abin da ke damun talaka. Ashe ba tsadar kaya ba ce, ba rashin wuta ba ne, ba hanyar da ta koma rijiyoyi ba ce. Kuɗin takarda ne suka yi mana nauyi a aljihu. Ni dai ban taɓa jin wannan nauyin ba, amma wataƙila a aljihunsu suka gwada. Suka ce kowane shago ya mallaki injin biyan kuɗi da kati. Muka saya. Sai suka ce saye kaɗai bai isa ba: duk shagon da bai nuna rasit ko guda ɗaya da injinsa ya fitar ba zuwa ranar bikin ƙaddamarwa, za a garƙame shi da kwaɗo, a ba wa mai son ci gaba. Shagon nan kuwa shi ke ci da mu duka a gida, har da babana da ciwon baya ya kwantar.

Injin namu kyakkyawa ne, shuɗi, maɓallansa laushi kamar kunnen jariri. Malam Tela, maƙwabcinmu kuma babban mai sayen zarenmu, har 'yar jaka ya ɗinka masa mai aljihu. Aibinsa ɗaya ne tak: ba ya aiki. Sabis ba ya shigowa ƙarƙashin matakala. Da ka sa kati, sai wani ɗan zobe ya fito a fuskar injin yana juyawa. Ya juya, ya juya, ya juya, har mai saye ya tuna ashe yana da tsabar kuɗi a aljihu.

Maƙwabta sun gano dabara. In mutum ya hau kan tankin ruwan kasuwa, ya miƙa hannu sama, ya ɗan karkata gabas, wani lokaci sabis yakan gifta kamar tsuntsu. Haka kullum za ka ga magidanci mai iyali a kan tanki, hannu a sama, mai saye na biye da shi a kan tsani yana jiran a miƙo masa ya danna lambar sirri.

Goggo tana fama da gwiwa, don haka ni ta kalla.

"Shiru, hau."

Ni? A kan tanki? Kasuwa kaf tana kallona daga ƙasa? Na je gindin tsanin na tsaya, na dawo.

"Layi ya yi yawa, Goggo."

"Layin mutum biyu? Ke in an garƙame shagon nan, kunya za ki dafa mana?"

Haka muka yi ta yi. Ranar da na ɗaure ɗankwalina tam na ce yau ko ni ko tanki, na isa na tarar babu tsani. 'Yan Hukuma sun ɗauke shi, wai zai ɓata wa Mai Girma Babban Jagoran Sauƙi kallo idan ya zo. Suka kuma shafa wa shagunan gaba fenti, iya fuskar da ke kallon titi. Namu na ƙarshen layi ko ƙamshin fentin bai iso ba.

To, jiya ita ce ranar biki, kuma mu ba mu da rasit.

Da hantsi wata babbar mota ta shigo ta tsaya a ƙofar kasuwa, ta miƙe wani dogon ƙarfe sama mai faranti a kai. Wallahi jama'a, kafin ƙarfen ya gama miƙewa, duk wayoyin kasuwar nan suka farka. Ƙara ta ko'ina! Saƙonnin da suka maƙale tun watan jiya suka riƙa zubowa. Malam Tela ya duba tasa, ya dafe kai.

"Ashe da gaske matar nan ta aiko mini in sayo sabulu. Ni kuma na rantse mata ba ta aiko ba, har muka yi kwanaki ba ma magana."

Goggo ba ta saurare shi ba, idonta na kan injinmu. A karon farko tun da muka saye shi, sandunan sabis sun cika fal, sun jeru kamar haƙoran mataji.

"Daga ina?" ta ce.

"Daga motar can," in ji Tela. "Ai Mai Girma da sabis ɗinsa yake yawo, kamar yadda yake yawo da ruwan shansa."

"Malam Tela, katinka na jikinka?"

"Yana cikin hula."

"Fito da shi, yau za ka sayi zare."

Bai kai ga cire hular ba, sai ga wani jami'i da lasifika yana zagaya layuka.

"Kada wanda ya taɓa maɓalli! A fito a jeru, kowa ya riƙe injinsa a ƙirji, a yi murmushi! Sabis ɗin na Mai Girma ne, in ya gama ya rage, kwa samu!"

Muka fito muka jeru a rana. Ni na laɓe bayan Goggo, inji a ƙirji, ina murmushi ga bayan mayafinta. Can na waiwaya, sai ga Mai Kwaɗo, ma'aikacin da aka ba aikin garƙame shaguna, tsaye a ƙofar shagonmu da kwaɗuna a sarƙe a waya, yana kaɗa su a hankali kamar mai rarrashin yaro.

Mai Girma ya iso bayan rana ta gama gasa mu. Masha Allah, mutum ne mai cikar zati, laima biyu aka riƙe masa kuma duk da haka kafaɗa ɗaya tana waje. Ya tsaya a shagon gaba mai sabon fenti ya zaɓi hankici guda. Wani hadimi ya fito da katin, wani ya sa a inji, na uku ya danna lambar sirri, don bai dace a wahalar da Mai Girma da riƙe lamba a ka ba. Rasit ya fito tsaf. Aka yi tafi, aka busa ƙaho, masu hoto suka riƙa walƙiya. Ya ɗaga takardar sama kamar shi ya haife ta.

"Daga yau," ya ce, "ciniki a zaune za ku yi shi. Babu gudu, babu gumi."

Muka tafa. Ni ma na tafa, da inji a hammata.

Yana juyawa, Goggo ta fizge hular Tela da kanta, ta zaro katin, ta cusa a inji. Na danna kuɗin zare ɗaya. Ɗan zoben ya fito ya fara juyawa. Sai muka ji an tayar da motar sabis ɗin. Ashe akwai wata kasuwar da za a sauƙaƙa wa rayuwa kafin la'asar, kuma dole sabis ya riga Mai Girma isa. Direba ya ɗan sauke ƙarfen rabi, ya ja.

Sanda ɗaya ta ɓace daga fuskar injin. Sai ta biyu.

"Shiru," Goggo ta ce, "bi motar nan."

"Goggo, mutane..."

"Bi ta, 'yar nan, ko in bi ta da gwiwar nan in mutu a titi, ki shiga uku da babanki!"

Na sake waiwayawa. Mai Kwaɗo ya riga ya zaɓi kwaɗo ɗaya, yana gwada masa mabuɗi.

Jama'a, ban san lokacin da na fita daga layi ba. Na ga dai ina gudu, inji a sama da hannu biyu, katin Tela a maƙale a bakin injin, jakar injin na dukan goshina. Na ratsa ta gaban masu ƙaho, na tsallake jan kafet, na ji wani ya ce, "Kai, ba Shiru ba ce waccan?" wani ya amsa, "Shirun Goggo? Haba, ita da ko atishawa sai ta shiga bayan kantar shago!" A bayana kuma Malam Tela, mutumin da rabonsa da gudu tun yana koyon sa zare a allura, yana haki yana ihu.

"Jira ni! Lambar sirrin tana kaina! Shiru, katina!"

Da sauran marasa rasit suka gane abin da ake ciki, sai layi ya watse. Mai sayar da almakashi, mai yadi, matar da ke sayar da soso, kowa inji a sama, kowa da mai sayensa a baya. Har wani tsoho da ba shi da inji ya biyo mu da wayarsa, wai yana son ya ji muryar jikarsa kafin sabis ya sha kwana.

A nan ne takalmina ya yi bankwana da ni. Ban tsaya ba. Sanda ɗaya ce ta rage a fuskar injin, siririya, tana lumshewa, motar kuma tana ƙara nisa.

Yanzu ku ba ni dama in yi godiya ta musamman ga Masu Girma da suka ƙi gyara mana hanya. Mun zage su a baya, mun ce sun manta da mu. Ashe hangen nesa ne. A mahaɗar hanya akwai wani rami da muka girma tare, har yara kan kama tarwaɗa a cikinsa da damina. Motar sabis ta zuba tayar baya a ciki, ta yi kuka, ta tsaya cak.

Na iso na manna injin a jikin motar. Sanduna suka dawo fal. Injin ya nemi lambar sirri. Tela ya iso kamar wanda aka tsamo daga kogi, ya rufe maɓallan da gefen rigarsa, ya dube ni.

"Kau da kai."

"Malam, ni ko fuskarka ban taɓa kallo ba."

Ya danna, injin ya ce ba daidai ba.

"Yatsan ne ya zame," ya ce. "Bari in numfasa."

Direba ya leƙo ta taga. "Jama'a, ku taimaka da turi, Mai Girma na tafe!"

Wasu samari masu kirki suka nannaɗe hannun riga suka dafa bayan mota. Sai na ji wata murya ta cika mahaɗar nan, har tsuntsaye suka tashi daga kan waya.

"Kada wanda ya tura! Wallahi duk wanda ya tura motar nan sai ya biya mu shago!"

Kowa ya daskare. Na duba in ga mai wannan murya, sai na ga duk ni ake kallo. Samarin suka janye hannu a hankali. Tela ya saki baki.

"Danna, Malam," na ce, ƙasa-ƙasa.

Ya danna. Zoben ya juya sau ɗaya, ya sake juyawa. Sai injin ya yi wani ɗan tari, cir-cir-cir, takarda ta fara fitowa. Ni da na yi zaton ba shi da harshe! Na tsaya ina dariya, ƙafa ɗaya babu takalmi, hawaye na zuba. Ta kowane gefe kuma sai cir-cir-cir, cir-cir-cir, kamar gyare sun samu damina. Tsohon nan yana can gefe yana ihu a waya, "Ni ne Kaka! Kina jina?" Sai da kowa ya sami rasit ɗinsa, sannan muka taru muka tura motar, har da addu'ar Allah ya kiyaye hanya.

Na dawo ina ɗingishi na miƙa wa Mai Kwaɗo takardar, kaina a ƙasa. Ya juya ta, ya shinshina, ya mayar da kwaɗonsa cikin waya.

"Kun tsira," ya ce. "Na wannan watan."

"Na wannan watan?" in ji Goggo.

"Ai duk wata za a riƙa nuna sabo. Ci gaba ba ya tsayawa."

Goggo ta ce ko ma mene ne, wannan rasit sai an sa shi a gilashi an rataye. Amma ya yamutse a hannuna, ga gumi. Ta ba Tela ta ce ya goge mata shi da dutsen guga, ya miƙe sosai. Tela ya yi bismilla ya ɗora. Da ya ɗaga, takardar ta miƙe kam, amma ta koma baƙa ƙirin daga sama har ƙasa, ko harafi ɗaya babu. Ashe irin takardar nan ba ta shiri da zafi.

"Ka ƙona mana ci gaba," Goggo ta ce.

"Kuma zaren da kuka ba ni ja ne," in ji shi. "Baƙi na ce. A mayar mini da kuɗina cikin kati."

"To, sai ka jira Mai Girma ya sake zuwa."

Duk da haka ta rataye baƙar takardar a gilashi. Duk wanda ya tambaya sai ta ce hoton sabis ɗin kasuwarmu ne.

Yau da safe na zo buɗe shago, sai na ga an kafa wani ƙaton allo a ƙofar kasuwa. Ni ce a jiki. Baki buɗe, ɗankwali a karkace, inji a sama, Tela a baya kamar zai faɗi. Fuskata ta kai ƙofar shago girma. A ƙasa an rubuta: Talakawa Na Rige-rigen Rungumar Ci Gaba. Ta bayan kasuwa na zagaya na shigo, kuma ina jin ta nan zan riƙa shigowa har allon ya koɗe.

Roƙona ga Masu Girma, Allah ya ja zamaninku, ba wai ku kafa mana ƙarfen sabis ba ne, mun san wannan sai an kafa kwamiti. Ku dai riƙa sanar da mu hanyar da motar za ta bi duk ƙarshen wata, kuma don girman Allah kada wanda ya cike ramin mahaɗa.

Malam Tela dai ya riga ya shirya. Ɗazu ya shigo yana nuna mana sabon takalmin gudu, fari tas, mai igiya. Da tsabar kuɗi ya biya.