Ranar da Ummi Ta Gaida Dakali

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun maƙwabcina Malam Garba ba.

A zamaninmu yaro ba ya wuce babba a tsaye. Yanzu kuwa sai ya ɗaga maka hannu daga cikin adaidaita sahu, idonsa na kan waya. Ni da na sha yawon fatauci, na ga 'ya'yan Yarbawa a Ibadan suna kwanciya rub-da-ciki, na ga na Sudan suna sumbatar hannun dattijo, sai na naɗa kaina malamin gaisuwa a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Jikata Ummi, 'yar shekara biyar, ita ce shaidata. Na koya mata a durƙusa, a gaida kowa, kuma ba a tashi sai an ji amsa.

(Abin da ban faɗa ba tukuna shi ne, tun kafin a haife ta ba na magana da Malam Garba. Rigimar kwata ce. Kullum yana zaune a dakalin ƙofar gidansa, ni kuma in kau da kai in wuce masallaci. Haka ya rasu.)

Ranar sadakar, bayan la'asar, muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansa, ni a gaba-gaba kamar aminin mamaci, ina ta bayani kan lalacewar tarbiyya. Sai ga Ummi ta taso daga Islamiyya. Na ce, "Yauwa, ku dubi yadda ake renon yaro. Zo ki gaida iyayenki."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ana ta sa mata albarka, ni kuwa ina gyara zaman hula. Da ta gama ba ta zo wurina ba. Ta wuce dakalin, inda ba kowa sai butar marigayin, ta cire takalmi ta durƙusa.

"Ina wuni, Baba Garba."

Ta yi shiru, kanta a sunkuye.

"Lafiya lau," in ji ta.

Ta sake yin shiru, daidai tsawon maganar mutum. Mai rabon dabino ya tsaya cak da faranti a hannu. Na san mamaci ba ya magana, na sha faɗa wa wasu ma, amma ni ma sai da na kasa kunne.

"To, zai ji," in ji ta. Ta miƙe ta dube ni. "Alhaji, ya ce a gaishe ka."

Na yi wata dariya da ba wanda ya taya ni. Na ce, "Ke, amaryar ƙarya, yaushe ya faɗa?"

"Kullum yana faɗa. Idan na gaya maka sai ka yi tsaki."

Ba wanda ya kalle ni, kuma da sun kalla da ya fi sauƙi. Sani, babban ɗan marigayin, ya tambaye ta a hankali, "Ummi, har yau ma ya faɗa?" Ta waiga ta dubi dakalin, ta sa takalminta ta shige gida.

Wataƙila sabo ne kawai, ta haddace amsoshinsa har da inda yake numfasawa. Haka nake gaya wa kaina.

Kafin a tashi na matsa kusa da Sani, na ce a yafe mini. Ya ce, "Mu mun yafe, Alhaji. Shi dai ya yi ta aiko maka."

Ashe yaro ba ya ɗaukar darasi daga bakinka sai ya fara duba ƙafarka, inda take tsayawa da inda take wucewa. Daga ranar na ajiye wa'azin gaisuwa. Yanzu ni nake fara gaida kowa a layinmu, babba da yaro, kuma ba na kwana da gaba da kowa.