Rasuwar Mabel, Mai Matse Hotuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙyamar da ta kusa fin baƙin cikin yawa, Noreen Kowalchuk ta sashen manhaja, a nan birnin Winnipeg, tana sanar da abokan aiki rasuwar Mabel, 'yar ƙaramar manhajar da ta rubuta da hannunta ta jona wa injin da ke harhaɗa shafukan intanet na kamfani.

Marigayiya baiwar Allah ce marar hayaniya. Aikinta ɗaya, ta bi hotuna ta matse su don shafi ya buɗe da wuri, kuma ba ta taɓa neman a gode mata ba. In ta kammala sai ta rubuta, "An gama, je ki sha kofi." In wani hoto ya tsaya mata a wuya kuwa, ba ta ɓoye-ɓoye: "Na shaƙe. A kira Noreen, ga lambarta."

Jinyar ta faro ne da aka sauya inji, aka ɗora wa abokin aikinta Brayden Fisk rubuta wadda za ta dace da sabon. Noreen ta ce masa ya jona Mabel yadda take, 'yan layuka kaɗan sun isa. Ya ce a'a, shi daga tushe yake gini. Ashe tushen nasa shi ne ya tono tsohon kwafin Mabel, na tun kafin a yi mata maganin cutar da ke mayar da fuskokin mutane kore shar. Ya kwashe ta ɗungurungum, ya goge sunan Noreen daga sama, ya liƙa nasa. Aka yi taro, aka ci donot, wato fanken Turawa, aka tafa masa. Manaja Delorme ya ce tunda an samu sabuwa, a share tsohuwar.

Layi ɗaya ne Brayden bai goge ba, wanda ke ɗauke da lambar Noreen, don bai karanta har can ba. Tun daga ranar, yabo na zuwa teburinsa, wayar Noreen kuma ba ta huta ba. Har shugaban kamfani ya kira ta yana tambayar dalilin da ya fito a shafin farko kamar ganyen kabeji.

Marigayiya ta bar 'ya ɗaya da aka haifa ba da saninta ba, da jikoki a wasu sassa waɗanda aka kwafa daga kwafin. Dukkansu sun gaji cutar, dukkansu sun haddace lambar Noreen.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan abincin rana, a ƙaramin ɗakin taro. Noreen ce za ta danna maɓallin sharewa da kanta, ba ta yarda wani hannu ya sake taɓa gawar ba. Kada a zo da donot.

Masu ta'aziyya da masu koren fuska su kira lambar nan da suka saba. Daga ranar Juma'a za a karkatar da layin zuwa teburin Brayden.