Fitilar da Gwaggo Tasalla Ta Goya

A ƙauyen Tudun Gamji akwai wani ɗan gida a ƙarshen gari, wanda mutum biyu ne kawai a cikinsa, sai akuya ɗaya da tsohon keke. Mutum biyun su ne Gwaggo Tasalla ungozoma da ɗan wanta, Anaruwa. Tun yana cikin tsumma uwarsa ta rasu, Gwaggo ta ɗauke shi ta goya, ga shi yau har gemu ya fito masa amma bai bar gindinta ba. Anaruwa ba malalaci ba ne, kuma ko kaza bai taɓa cuta ba. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin mangwaro ka manta, to sai dai ka tuna ka koma ka ɗauko shi.

Aikinsa a duniya shi ne kai Gwaggo inda ake haihuwa. Ita kuwa haihuwa ba ruwanta da rana ta faɗi. Da an yi sallama sai ya fito da keke, Gwaggo ta hau kariya, wato mazaunin baya, da ƙullin kayanta, su kama hanya. Hanyar kuma iri biyu ce. Rabinta kwalta ce da manyan motoci ke sheƙa gudu a kai, rabinta burtali ne mai rairayi da ramuka, yana ratsa gonaki zuwa ƙauyuka. In aka tambayi Anaruwa sana'arsa, sai ya gyara hula ya ce, "Ni ne direban Gwaggo." Ba shi da wani abin alfahari da ya wuce wannan.

Wata rana suna dawowa bayan isha'i, babu farin wata, keken ya afka rami, Gwaggo ta ƙuje gwiwa. Labari ya kai wa ɗanta Mamuda, mai shagon ɗinki a cikin birni, ya zo yana huci.

"Inna, na gaji. Ɗan acaɓa zan ɗaukar miki. Wannan bawan Allah wata rana kashe ki zai yi."

Anaruwa yana bayan rumbu yana ji, hawaye na zuba. Gwaggo ta hango ƙafafunsa, ta ce, "Ba laifinsa ba ne, laifin duhu ne. A bar shi ya sayi fitila. In na sake faɗuwa, ka kawo ɗan acaɓarka, ba zan ce uffan ba." Mamuda ya yarda da ƙyar. Tun daga ranar Anaruwa ya san cewa faɗuwa ɗaya ta rage tsakaninsa da rasa Gwaggo a kariyarsa.

Wata rana, ranar kasuwa, Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta ba shi abin da ke ciki. "Je wurin Malam Yusha'u mai kayan keke. Ka ga dai halin da muke ciki, ka sayo wadda ta fi kowace arha." Ya je ya tsaya a gaban rumfa ya ce wadda ta fi kowace arha yake so. Malam Yusha'u ya nuna masa wata ƙarama. Anaruwa ya hango wata tocila a kwandon shara, gilashinta a fashe, ya tambayi kuɗinta. "Waccan ai matacciya ce, ɗauki kyauta." Anaruwa ya yi murna, don babu arhar da ta kai kyauta. Ya ɗaure ta a kan keke da roba, ya dawo gida yana kaɗa ƙararrawa, kuɗin Gwaggo ko taɓa su bai yi ba. Da magariba ta yi Gwaggo ta danna, ta jijjiga, ta buga a tafin hannu, shiru. Ta dube shi yana ta murmushi yana jiran yabo, sai ta kasa yin faɗa. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana. Amma wani satin ka gwada kafin ka karɓa, kuma a cikin duhu ake gwada fitila."

Wata rana kasuwa ta sake ci, ya koma da tsakar rana. Ya zaɓi fitila, ya duba gabas da yamma, babu duhu ko na magani. Sai ya ga buhun mai gawayi a gefe, babu komai a ciki. Ya shige da fitilar, ya ja bakin buhun ya tsugunna. Mata masu sayen kayan miya suka ga buhu yana motsi, haske na fita ta ƙofofinsa, suka watsar da kwanuka suna salati. Mai gawayi ya ɗauko sanda. Allah ya sa Malam Yusha'u ya gane takalman da ke leƙowa, ya riƙe hannunsa. Aka zaro Anaruwa baƙi ƙirin, haƙoransa kaɗai ake gani, yana cewa, "Malam, tana yi!" Malam Yusha'u ya yi dariya har ya riƙe ciki, amma tun daga nan ya ji tausayinsa. Ya zaunar da shi ya ce, "Wannan mai batir ce. Yau tana da arha, amma kullum sai ka ciyar da ita, ta fi akuyarku ci. Ɗauki mai dainamo. Ba ta cin komai, muddin taya na juyawa tana haske, in ka tsaya ta mutu."

Wata rana aka zo kiran Gwaggo daga wata ruga. A kan kwalta abin gwanin sha'awa, Anaruwa na taka feda fitila na haske tar. Da suka sauka burtali rairayi ya riƙe taya, gudu ya ragu, hasken ya koma kamar garwashin da ya kwana, daidai inda ramuka suka fi yawa. Haka suka lallaɓa. Da suka iso ƙofar gidan, Gwaggo ta ce ya tsaya. Anaruwa ya tuna in ya tsaya fitila za ta mutu, duhu ya dawo, shi kuwa duhu shi ne ya kayar da Gwaggo. Sai ya wuce ƙofar ya zagayo. Ya sake wucewa ya sake zagayowa. Gwaggo na dukan bayansa, mai naƙuda na nishi a ɗaki, karnuka sun biyo su a guje. Sai da maigidan ya yi tsalle ya cafke kariya sannan aka sauke ta. Ba ta faɗi ba, amma ta rantse ba za ta sake hawa keke mai dainamo ba.

Malam Yusha'u, Allah ya saka masa, ya karɓi dainamonsa ya musanya masa da fitila mai caji, irin mai ɗan faranti a ka da ake shanyawa a rana. Ba ta kai ta masu kuɗi haske ba, amma tana nuna rami tun kafin a kai gare shi, kuma ba ruwanta da gudun taya. Ya koya masa ya sunkuyar da kanta a kwalta don kada ya kashe wa direbobi ido, in ya shiga daji ya ɗago ta. Wannan kam Anaruwa ya riƙe shi daidai. Da zai tafi Malam ya ƙara da cewa, "Damina ce, ka kula kada ruwa ya taɓa ta."

Wata rana hadari ya haɗu suna shirin fita. Anaruwa ya nannaɗe fitilar da baƙar leda, ya ƙara wata, ya ƙara wata, ya ɗaure tam. Ya kunna ta ta cikin ledar, suka kama hanya a cikin duhu kamar ba a taɓa sayen fitila ba.

"Anaruwa, ina hasken?"

"Yana ciki, Gwaggo. A bushe yake."

Ta sauka ta kwance ledojin da hannunta, ta samo farar leda guda a ƙullinta ta rufa. Ta shafa ƙeyarsa kafin ta hau.

Wata rana wata tirela ta kusa shafe su ta baya, har iskarta ta cire wa Gwaggo ɗankwali. Direban ya leƙo yana zagi, wai shi bai ga kowa ba. Anaruwa bai iya cin tuwo ba ranar. Washegari ya kai wa Malam Yusha'u kuka. Malam ya ce, "Ta gaba kai take nuna wa hanya. Kana bukatar ta baya, wadda za ta nuna ka ga wasu." Ya miƙo masa wata 'yar jar fitila da ba ta fi ƙwai girma ba, mai ƙiftawa, ita ce mafi arha a rumfar in ban da matacciyar nan. Anaruwa ya tambaya a ina zai ɗaura ta. Malam ya riga ya san abokin cinikinsa, don haka ya yi magana a hankali yadda ba za a samu kuskure ba. "Mene ne ba ka so mota ta buge maka? To a bayansa za ka ɗaura. Kuma kada a kashe ta sai an shiga gida." Yana faɗa yana dafa sirdin keken, amma Anaruwa bakinsa yake kallo.

Da aka zo kira na gaba, Gwaggo ta yafa mayafi za ta hau, sai ta ji ana zagaya mata roba a ƙirji. Anaruwa ya ɗaure jar fitilar a tsakiyar bayanta, daidai inda ake goya jariri, inda hannunta ba ya kaiwa. Ta yi faɗa, ta ce ya mai da ita abin dariya da tsufanta. Shi kuwa ya tsaya kai da fata, haka Malam ya ce. Lokaci na tafiya, dole ta hau a haka. Suka ratsa gari tana ƙiftawa, masu hira a bakin masallaci suka yi ta dariya, wani ya ce ungozoma ta zama motar asibiti. Tun daga ranar kullum haka take fita, tana mita yana ɗaurawa.

Wata rana dawa ta yi tsawo har ta shanye mutum, wani mai suna Nalado ya aiko da dare daga ƙauyen Kwarin Ganuwa cewa matarsa na kan gwiwa. Sun bar kwalta ke nan ƙaya ta fasa tayar baya. Gwaggo ta ce, "Bar keken nan. Ruga ka ce su ɗora ruwa a wuta, ina tafe. Kada ka waiwayo." Ya jingine keken, ya ciro fitilar gaba zai ba ta, ta ce ya tafi da ita shi da zai yi gudu, ita ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ya ruga bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Ruwa ya tafasa, Gwaggo ba ta iso ba. Ta yanke ne ta cikin dawa don ta rage hanya, ba ta san ruwan sama ya zaftare bakin kwazazzabon da ya ratsa gonakin ba. Ƙasa ta gushe da ita, ta gangara ciki, ƙafarta ta gurɗe. Ta yi kira har muryarta ta dishe, iska da ƙarar ganyen dawa suka shanye kiran. Can gabas kuma hadari na tasowa, kowa ya san in aka yi ruwa kwazazzabon nan cika yake yi maƙil.

Mazan ƙauyen suka fito da tociloli suka bi burtali har inda keken yake, ba su gan ta ba. Suka tsaya suna gardamar inda za a nufa. Anaruwa ya ce, "Ku kashe fitilunku. A cikin duhu ake ganin fitila." Nalado ya daka masa tsawa, amma wani dattijo ya ce a gwada. Aka kashe. Suka zuba ido a cikin baƙin duhu. Can ƙasa, ta tsakanin karan dawa, wani ɗan ja ya ƙifta a jikin bangon kwazazzabo, ya ɗauke, ya sake ƙiftawa.

Anaruwa ne ya fara isa. Ya durƙusa ya goya ta, ya hauro da ita, ruwa ya tsuge suna shiga gidan Nalado. A zaune Gwaggo ta karɓi haihuwar, ƙafa a miƙe, aka samu 'ya mace lafiyayya.

Washegari labari ya kai wa Mamuda, ya iso, har da ɗan acaɓan da ya yi alkawari. Ya tarar da uwarsa ƙafa a ɗaure, Anaruwa na zaune a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, don ya san Gwaggo ta sake faɗuwa, magana kuma ta ƙare. Nalado ya ba Mamuda labari tun daga farko. Mamuda ya daɗe yana juya 'yar fitilar a hannunsa.

"Kai Anaruwa, kowa a keke yake ɗaura wannan. Me ya sa kai ka ɗaura wa Inna?"

"Yaya, Malam cewa ya yi in ɗaura a bayan abin da ba na so a buge mini. Keke ai in ya lalace ana samun wani."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Mamuda ya fita waje, ya sallami ɗan acaɓan, ya tsaya can yana share ido da hannun riga. Da ya dawo sai ya ce Anaruwa ya tashi su je su ɗauko keken a yi masa faci.

Har yanzu in dare ya yi aka hango ɗan jan haske na ƙiftawa a kan hanyar Tudun Gamji, mutane kan ce wani gida ya kusa samun ƙaruwa. Mamuda ya sayo jar fitila ta biyu aka ɗaura a kariya, amma ta farkon tana nan inda take. Yanzu Gwaggo da kanta take juya masa baya ta ɗaga hannuwa, ta ce, "Yi sauri ka ɗaura mini, ɗana, ana jiranmu."