Na'urar da Ta Mutu Tana Ƙamshi

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Malama Zaratu Gana, ɗalibar digiri na uku mai binciken gurɓacewar iska, ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarta ta auna hayaƙi. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan katangar wani gida kusa da Kasuwar Shanu, tana da wata goma sha ɗaya a bakin aiki. Wata ɗaya tak ya rage ta cika shekarar da malaman Zaratu suka ce sai da ita za su karɓi binciken.

Marigayiya mai haƙuri ce. An kafa ta ne don ta shaƙi hayaƙin tayoyin da mahauta ke babbaka kai da ƙafa da su, ta rubuta abin da yaran unguwar ke haɗiya kullum, ko hukuma ta ga lambobi ta motsa, tunda tarin yara bai isa hujja ba. Ba ta taɓa shiga yajin aiki ba. In iska ta ɓaci, iyakarta ta ce "tit, tit" cikin ladabi.

Wannan kukan ne ya yi ajalinta. Mai gidan, Hajiya Aisa, dattijuwar da baƙo bai taɓa fita daga gidanta babu ƙamshi ba, ta ji baƙuwa na kuka, ta tabbata wari ne ya dame ta. Sai ta yi abin da ya kamaci mace mai mutunci a Borno: safe da yamma ta ajiye mata kasko a ƙarƙashi, ta zuba turaren wuta irin na amare. Kuka ya ƙaru, Hajiya ta ƙara turare.

Ita kuwa Zaratu, duk zuwan da take yi, ta ɗauka ƙamshin nan tarbarta ake yi. Lambobi na ta hawa a kwamfuta, har ta tsaya gaban manyan masana ta gabatar da su tana ɗaga kai. Aka tafa mata sosai.

Imran mai gyara, wanda ya duba gawar, ya tarar ƙaron turare ya toshe maƙogwaron kam. Ya shaida cewa shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa buɗe mamaci mai daɗin ƙamshi haka ba.

Ta rasu ta bar faifan sola ɗaya, batir mai jinya, da babi huɗu na kundin bincike waɗanda yanzu suka zama tarihin kaskon Hajiya. Ta kuma bar Zaratu, wadda ranta ya ɓaci matuƙa, take so ta yi faɗa amma ta rasa wa za ta yi wa, domin tsohuwar ta fi ta kuka.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan azahar a ɗakin ajiyar tarkace na sashen su Zaratu a jami'a, inda magabatanta suke kwance. Mahauta sun aiko da uzuri, aiki ya yi musu yawa. Amma hayaƙinsu zai iso da kansa, ya biyo ta kan yaran unguwa kamar kullum, kuma daga yau babu mai rubuta wucewarsa.